Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Mallaki Gidan Kansa Duk da Tsadar Fili da Kayan Gini

Duk wanda yake zaune a gidan haya a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san irin faɗuwar gaban da take zuwa idan shekara ta kusa zagayowa, domin da wuya mai gida ya aiko a karɓi kuɗin bana ba tare da ya haɗo da saƙon ƙari ba. Idan ka yi ƙorafi sai a ce maka ka je kasuwa ka tambayi farashin siminti, kuma a gaskiya ba ƙarya aka yi maka ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati take canzarwa a kan Naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a shekarar 2024. Buhun simintin da bai kai Naira 5,000 ba a farkon 2023 ya zarce 10,000 a watan Fabrairun 2024, rodi da kwano da tayil da kuɗin tifar yashi duk suka bi sahu. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 shi ne Naira 70,000, wato abin da bai wuce kuɗin buhu bakwai ba idan an ɗauki buhu a kan 10,000, alhali mutum bai ci ba, bai sha ba, bai biya kuɗin makarantar yara ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai neman gida ya riƙe a ransa kafin komai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ajiye Naira miliyan ɗaya a banki shekara guda kafin nan yana jiran ta cika kuɗin gida, kusan rubu'in ƙarfinta ya zube ba tare da ya taɓa ko kwabo ba. Saboda haka tsohuwar dabarar a tara kuɗin gida gaba ɗaya sannan a saya ba ta yi wa mai albashi ko ɗan ƙaramin ɗan kasuwa aiki yanzu. Hanyar da na ga ta fitar da mutane ita ce a mallaki fili mai tsabtar takarda, a riƙa mayar da duk abin da ya shigo hannu ya zama bulo ko rodi, a gina ɗan abin da za a iya shiga, a tare, sannan kuɗin hayar da ake ba wani ya koma ƙarasa ginin. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: san abin da za ka iya cirewa duk wata

Ka zauna da takarda da biro ka rubuta abin da yake shigo maka da abin da yake fita na wata uku a jere, ba na wata ɗaya ba, domin wata ɗaya yana iya yi maka ƙarya. Abin da ya rage bayan abinci da haya da makaranta da magani shi ne jarinka na gini, kuma a ranar da kuɗi suka shigo ake ware shi, ba a ƙarshen wata ba. Yana da kyau maiɗakinka ta san da wannan shiri tun daga tushe, saboda ita ce za ta ji raguwar cefane kafin kowa, kuma sau da yawa adashinta ko kuɗin 'yar sana'arta ne suke fitar da maigida kunya ranar da aiki ya tsaya.

Idan za ka shiga adashi don wannan manufa, ka nemi ɗauka ta farko ko ta biyu. A zamanin da farashi yake tashi kullum, mai ɗaukar ƙarshe yana karɓar adadin da ya zuba ne, amma ba ya sayen abin da na farko ya saya. Ma'aikatan da suke da ƙungiyar taimakon kai da kai a wurin aikinsu su bincika ko tana ba da bashi marar ruwa ko tana sayen gona ta yanka wa 'ya'yanta ana cira a albashi, domin mutane da dama ta nan suka sami filinsu na farko.

Mataki na biyu: zaɓen wuri

Cikin gari ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, wannan kuwa ba abin jin kunya ba ne. Manya a Kano suna iya tuna lokacin da Rijiyar Zaki da Hotoro da Ɗorayi suke bakin gari, ana yi wa wanda ya sayi fili a can dariyar ya koma ƙauye. Yau masu irin wannan nema sun gangara yankunan Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa. Abin dubawa shi ne inda gari yake miƙewa, da nisan wurin daga titin da motar haya take bi, da kuɗin da za ka riƙa kashewa kullum zuwa wurin sana'arka. Filin da ya yi araha amma kuɗin motarsa a shekara ya kai kuɗin hayar da kake gudu, bai rage maka komai ba.

Kada ka sayi fili da rani ba tare da ka san yadda yake kwana da damina ba. Na taɓa bin wani dillali ganin fuloti a cikin watan Maris, wuri shimfiɗaɗɗe kamar faranti, farashi kuma ya yi daɗi har na fara lissafin inda zan sa ƙofa. Da dillalin ya matsa gefe yana amsa waya, sai na ƙarasa wurin wani dattijo da yake sassabe a gonar da take maƙwabtaka na gaishe shi. Na ce, "Baba, yaya wurin nan yake?" Ya dube ni, ya dubi fulotin, ya nuna mini wata bishiyar giginya da bakin fartanyarsa ya ce, "Ɗana, ka dawo a watan takwas ka ga inda ruwa yake kai wa itacen can, sannan ka yi ciniki." Da na matsa kusa sai na ga ƙasar baƙa ce mai tsattsagewa, ga busassun ciyayin fadama a ko'ina, abin da idona bai gani ba da farko saboda zumuɗi. Ban koma ba. Tun daga ranar nake ba kowa shawara ya tambayi manomi ko mai kiwon da ya daɗe a wurin, ba wanda yake jiran la'ada ba. Abin da ya sami Maiduguri a watan Satumbar 2024 lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, da ambaliyar da ta sami Mokwa ta Jihar Neja a watan Mayun 2025, sun isa su sa mutum ya ji tsoron hanyar ruwa, ko da an ce masa an yi shekara ashirin bai bi ta nan ba.

Haka kuma a nisanci tsohon kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasa aka cike da shara, domin harsashin da zai riƙe gini a irin wannan wuri yana iya cin kuɗin ɗaki biyu. A nisanci ƙarƙashin babbar wayar lantarki da gefen layin dogo da bakin babban titi, waɗanda duk suke da tazarar da doka ta hana a yi gini a cikinta. A tambayi zurfin da ake samun ruwa a rijiyoyin unguwar, saboda gini yana shan ruwa ƙwarai, kuma wanda zai saya a wurin 'yan garuwa tun daga harsashi har rufi zai ji a jikinsa.

Mataki na uku: binciken asalin fili

A nan ne ake yin asarar da ba ta da magani, don haka a nan ya kamata a fi daɗewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O take tabbatarwa, galibi na tsawon shekara 99 ga filin gidan zama. Filayen da ake sayarwa iri biyu ne. Akwai wanda gwamnati ta tsara ta yanka, mai lamba da fayil a ma'aikatar ƙasa, akwai kuma awon igiya, wato gonar da mai ita ko wani ɗan kasuwa ya yanka ya sayar ba tare da tsarin hukuma ba. Na farko ya fi tsada, ya kuma fi kwanciyar hankali. Na biyu shi ne abin da yawancin talakawa suke iya saya, kuma ba zan ce kada a saya ba, sai dai mai saye ya san abin da ya saya: lunguna matsattsu, babu filin makaranta ko magudanar ruwa, ga yiwuwar wata rana titi ya biyo ta kansa.

Idan fili mai takardar gwamnati ne, ka karɓi hoton takardar ka kai hukumar da take riƙe da bayanan filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka biya kuɗin bincike a duba maka fayil. Abin da kake son sani shi ne ko sunan da yake cikin fayil shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da filin a banki, ko an soke takardar, ko akwai shari'a a kansa, da kuma bashin harajin ƙasa da ya taru. Ka je da ƙafarka ko ka tura lauyan da kai ka ɗauka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ka kuma tambayi abin da aka ware wurin dominsa tun asali. Rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023 ya shafi gine-ginen da masu su suke riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su, a wurare irin su filin Idi. Duk ra'ayin da mutum yake da shi game da wannan lamari, darasin mai saye ɗaya ne: filin da aka yanko daga makaranta ko maƙabarta ko masallaci ko asibiti ko jikin ganuwa yana iya zama rigima ranar da mulki ya canja hannu.

Idan kuwa awon igiya ne, fayil ɗinka shi ne mutane. Ka fara da mai unguwa, ka wuce wurin dagaci, ka tambayi maƙwabtan fili na gabas da yamma da kudu da arewa, kowa shi kaɗai. Gonar wane ne tun asali? Hannu nawa ta bi kafin ta zo ga wannan? Ka nemi ganin takardun cinikin baya ɗaya bayan ɗaya har zuwa kan mai gonar. Ka kuma leƙa hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka ji ko akwai titi ko wani aikin gwamnati da aka tsara zai ratsa yankin.

Filin gado yana da nasa hukunci. Kada ka yarda da maganar babban wa shi kaɗai, ko da kuwa shi ne yake riƙe da takarda, sai ka ga shaidar rabon gado daga kotu ko kuma dukkan magada, har da mata da wakilan marayu, sun sa hannu. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke aiki da shi, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a filin da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓe kason. Ka ga ke nan ana iya mayar maka da kuɗinka bayan sun gama zubar da daraja.

Duk dillalin da ya ce maka akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe, don haka ka biya yau, ka bar wa Alhajin. Fili ba ya ƙarewa.

Mataki na huɗu: biya da rubutu

Kafin kuɗi su fita, a kawo ma'auni a auna filin a gabanka. Fulotin da aka saba kira cikakke ƙafa 50 ne da 100, rabinsa kuwa 50 da 50, amma sau da yawa abin da aka faɗa da baki ba shi ne a ƙasa ba. A daidaita la'adar dillali tun kafin a yi sallama, wadda a yawancin wurare kashi 5 ce cikin 100, a kuma fayyace wanda zai biya. Ka biya ta banki zuwa asusun da yake ɗauke da sunan mai filin, domin takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa ba ta mutuwa. A rubuta takardar ciniki mai ɗauke da sunaye da girman fili da maƙwabtansa na kusurwa huɗu da adadin kuɗi da kwanan wata, shaidun ɓangarorin biyu su sa hannu, mai unguwa da dagaci su buga hatimi. Idan mai C of O ne, lauya ya rubuta takardar sauya mallaka a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar ya tanada, don suna ya koma naka a fayil. Mutane da yawa suna tsallake wannan saboda kuɗinsa, sai ranar da suka nemi bashi ko suka rasu magada suka tashi rabo a tarar har yanzu filin sunan wani yake amsawa.

Washegarin ciniki ka kafa alama. Idan babu halin katanga, a zuba harsashinta a ɗora bulo layi biyu ko uku a kewaye, ko a ƙalla a gina kusurwoyi huɗu. Filin da aka bari fayau shi ne ake sayarwa sau biyu, shi ne kuma maƙwabci yake ci da taku ɗaya idan ya tashi gini. Ba wa wani amintacce a unguwar ya riƙa shuka gyaɗa ko wake a ciki ya fi a bar shi ya zama juji.

Tsokaci a kan bashin gina gida

Ma'aikatan da ake cire musu kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992, suna da damar neman bashi daga bankin ba da bashin gidaje na gwamnatin tarayya, FMBN, bayan sun yi wata shida suna zubi, a kan ruwan kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta PenCom ta yarda wanda ya yi wata 60 yana zubi ya yi amfani da kashi 25 cikin 100 na abin da yake asusunsa a matsayin kafin alƙalamin bashin gida. Sai dai waɗannan hanyoyi suna neman fili ko gida mai cikakkiyar takarda, suna kuma cin lokaci, kuma mai awon igiya ba ya shiga layinsu. Ga wanda batun riba ya tsaya masa a rai, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus suna aiki da tsare-tsare irin murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka sani) da ijara (banki ya saya ya ba ka haya). Ya je ya ji sharuɗɗansu, ya nemi a rubuta masa jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe, domin rashin ruwa ba ya nufin araha. A ganina, bashin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi shi ne ɗan kaɗan da zai rufe masa ɗaki ya tare, ba wanda zai riƙe masa wuya shekara ashirin ba.

Mataki na biyar: zane da izinin gini

Ka sa mai zanen gine-gine ya zana maka gidan gaba ɗaya yadda kake burin ya zama nan da shekara goma, sannan ya nuna maka ɓangaren da za a fara da shi. Amfanin wannan shi ne kada ka gina ɗaki bana, baɗi ka rushe shi saboda ya tare hanyar wani. Ka kai zanen hukumar tsara birane a ba ka izini, don kada ka wayi gari ka ga jan fenti a jikin bangonka. Abin da za a fara da shi bai kamata ya wuce ciki da falo da banɗaki da ɗan wurin girki ba. A yi tunanin inda salga za ta zauna da inda rijiya za ta zauna, taka da ta maƙwabta. Masana lafiya suna son tazarar kamar mita 30 tsakaninsu, fili mai ƙafa 50 kuwa mita 15 ne kacal, don haka mafi ƙarancin abin yi shi ne a raba su kusurwa da kusurwa.

Mataki na shida: tara kaya bisa tsari

Ba kowane kaya ne ake ajiyewa ba, kuma ni da kaina na koyi wannan da tsada. Na taɓa samun wasu kuɗi na sayi siminti buhu arba'in don gudun ƙarin farashi, na jibge a wani shago a kan daɓe, aiki kuma bai tashi ba sai bayan damina. Ranar da magini ya zo ya ɗaga buhun ƙasa ya sake shi, sai muka ji ƙara kamar an yar da dutse. Ya ce, "Yallaɓai, wannan sai dai a yi dakali da shi." Kusan kashi ɗaya cikin uku ya daskare. Siminti ba ya son ya wuce kamar wata uku a ajiye, kuma ko a wannan ɗan lokaci sai an ɗora shi a kan katako, nesa da bango, an lulluɓe da leda.

Dabarar ita ce a mayar da siminti bulo. Bulon da aka buga da kyau yana shekara da shekaru a fili ba abin da ya same shi. Ka sayi yashi da siminti ka kira masu bugawa su buga a filinka a gabanka, ka ƙayyade musu adadin da za su fitar a buhu. Maginan da na yarda da su ba sa son bulo mai inci 9 ya wuce 30 zuwa 35 a buhu ɗaya, alhali wasu masu sayarwa suna miƙa shi fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ga bulo yana marmashewa tun a wurin saukewa. A yi masa ban-ruwa safe da yamma har kwana bakwai, musamman da bazara da rana take busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Lissafinsa kuma ba shi da wuya: bulo goma ne yake rufe murabba'in mita ɗaya na bango, don haka ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin kamar 400 daga daɓe zuwa rufi bayan an cire gurbin ƙofa da taga, ban da na harsashi. Idan ka san wannan, babu mai ce maka dubu ta ƙare a ɗaki ɗaya.

Bayan bulo sai rodi da tsakuwa, sannan kwano da ƙofofi da tagogi idan akwai amintaccen wurin ajiya. A Kano ana zagaya Kasuwar Ƙofar Ruwa don rodi da kayan ƙarfe, a je 'Yan Katako ta Na'ibawa don katako, kuma kada ka saya a shagon farko. Ka sa a auna kaurin rodi a gabanka, domin akwai wanda ake kira mai milimita 12 alhali bai kai ba, ka kuma ƙirga fallayen kwano, bandir ɗaya falle 20 ne. Yashi a tara shi da rani, kafin koguna su kawo ruwa tifa ta yi tsada. Katako shi ne na ƙarshe, saboda yana lanƙwashewa, gara kuma ba ta yi masa da sauƙi.

Wanda filinsa yake inda ake da jar ƙasa mai kyau kada ya raina ta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da ƙasa aka yi shi, kuma kowa ya san ɗakin ƙasa ya fi na bulo sanyi da bazara. Harsashin siminti, bangon tubali ko bulon ƙasa da aka matse da inji, da rufi mai baki da zai kare bango daga ruwa, suna rage kuɗi sosai. Abin da yake hana mutane shi ne gudun a ce wane ya yi ginin ƙauye.

Mataki na bakwai: magini da aikin kansa

Ka zaɓi magini ta hanyar ganin gidan da ya gina shekara uku ko huɗu da suka wuce, ka dubi bango ko ya tsage, ka tambayi mai gidan yadda suka rabu. A yi jinga mataki-mataki: harsashi da kuɗinsa, ɗora bulo zuwa linta da kuɗinsa, rufi da kuɗinsa, kada kuɗi su riga aiki. Kai ne za ka sayi kaya, shi aikinsa gini. Ranar da za a zuba kankare kuwa, ko da za ka nemi izini a wurin aiki, ka tsaya a wurin, ka ga ana bin awon da aka saba na kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ka ƙirga buhunan da aka fasa da yamma. Idan ba za ka samu zuwa ba ka wakilta wanda zai iya cewa a'a, ba ƙanin da yake jin kunyar magini ba.

Ana iya yin tsimi a fenti da tayil da silin, amma ba a yi a harsashi da linta da rufi. A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a ɗaga daɓen gida ya fi titi tudu sosai, domin duk ranar da aka zo aka gyara titin, cikowa za a yi, gidan da yake daidai da hanya yau ya koma rami gobe. A shimfiɗa leda kafin a zuba daɓe don hana danshi hawa bango, a zuba maganin gara. Idan an zo rufi a shafe katako da magani, a ɗaure shi da langalanga ko rodin da aka dasa a cikin kankare, saboda iskar farkon damina a Arewa ba ta raga wa rufin da aka dogara da ƙusa kaɗai. Ka tsara aikinka yadda bango ba zai kwana damina biyu babu rufi ba. Idan kuɗi ba za su kai ba, gara a tsaya a harsashi a ci gaba da tara bulo, da a bar kango ruwa yana dukansa, ɓata-gari suna kwana a ciki.

Mataki na takwas: tarewa

Da zarar an rufe, an sa ƙofa da taga masu ƙarfi, banɗaki ya yi aiki, an yi wa ɗakin kwana filasta da daɓen siminti, to gida ya shigu. Ka daidaita wannan da ƙarewar kuɗin hayarka, ka sanar da mai gida da wuri bisa yarjejeniyarku don a rabu da mutunci, kada ka sake biyan shekara guda saboda jiran tayil. Idan wutar lantarki ba ta iso unguwar ba, ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun isa ƙwai uku da fanka da cajin waya, amma a binne bututun waya a bango kafin filasta don kada a zo ana fasawa daga baya. Kafin a kwashe kaya ka je ka gaida mai unguwa da limamin masallacin da yake kusa, ka shiga ƙungiyar unguwa da take kula da 'yan sintiri da gyaran hanya, domin a sabuwar unguwa maƙwabta su ne tsaronka.

Kuɗin hayar da ka saba tarawa kuwa kada ka bari su narke a cefane. Ka ci gaba da ware su kamar mai gida yana nan yana jira, shekarar farko su tafi katanga da ƙofar gida, ta biyu filastar waje da silin, ta uku a tayar da ɗakin yara a kan harsashin da yake cikin zane. Idan filin awon igiya ne, a cikin waɗannan shekaru ne za ka kai takardun cinikinka ma'aikatar ƙasa, a turo masu safiyo su auna, a buɗe maka fayil da sunanka.